Laifinsa Kawai Ya Karanta

Ranar 14 ga watan Mayun 2008 'yan sanda suka shiga harabar Jami'ar Nottingham da ke tsakiyar Ingila, suka yi awon gaba da mutum biyu. Na farko ɗalibi ne ɗan shekara 22, Rizwaan Sabir, Musulmi haifaffen garin, yana karatun digiri na biyu, yana kuma shirin digirin digirgir a kan ƙungiyoyi irin su Alƙa'ida. Na biyu abokinsa ne Hicham Yezza, ɗan Aljeriya, ma'aikaci a wani ofis na jami'ar.

Ba a same su da bindiga ba, ba a same su da sinadarin haɗa bam ba. Wani abokin aikin Yezza ne ya ga wata takarda a cikin kwamfutarsa, hankalinsa ya tashi, magana ta kai ga hukumar jami'a, ita kuma ta kira 'yan sanda. Takardar ita ce wadda ake kira kundin horarwa na Alƙa'ida. Sabir ne ya tura wa abokin nasa ita lokacin da yake tattara kayan bincikensa.

To, shi daga ina ya samo ta? Daga shafin intanet na Ma'aikatar Shari'a ta Amurka. 'Yan sandan Birtaniya ne da kansu suka tsinci kundin a wani gida a Manchesta a shekarar 2000, aka fassara shi zuwa Turanci, aka kafa hujja da shi a shari'ar da aka yi a New York kan harin da aka kai wa ofisoshin jakadancin Amurka na Nairobi da Darussalam a 1998. Daga baya gwamnatin Amurka ta ɗora shi a shafinta, duk mai so ya ɗauka. A kasuwar Amazon ma ana sayar da shi a lokacin.

Sai da suka yi kusan mako guda a tsare kafin a sake su ba tare da tuhuma ba. Yezza bai kai gida ba aka sake kama shi a kan batun takardun zama ƙasa. A 2011 rundunar 'yan sandan yankin ta biya Sabir diyyar fam dubu 20.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a cikin labarin nan shi ne sanarwar shugaban jami'ar na lokacin, Colin Campbell. Ya shaida wa malamai da ɗalibai cewa babu wani haƙƙi da mutum ke da shi na neman irin waɗannan takardu don nazari, kuma duk wanda ya nema ya sani yana iya fuskantar bincike da tuhuma. Kuma gaskiya ya faɗa, domin haka dokar ƙasarsa ta tanada.

Mun saba jin an kama marubuci, an rufe gidan jarida, an hana sayar da littafi. Wannan wani mataki ne na daban. Doka ce ta tsallake wanda ya rubuta, ta tsallake wanda ya buga da wanda ya sayar, ta zo ta tsaya a kan mai karatu. Kuma ƙasashen da ke bin wannan hanya ƙaruwa suke yi.

Sashe na 58

Dokar yaƙi da ta'addanci ta Birtaniya ta shekarar 2000 tana da wasu sassa biyu maƙwabtan juna. Sashe na 57 yana hukunta wanda ya mallaki wani abu don shirya ta'addanci. A nan manufa ce ginshiƙin laifin. Sashe na 58 kuwa babu ruwansa da manufa. Laifi ne a ƙarƙashinsa mutum ya tara, ko ya rubuta, ko ya ajiye bayanin da zai iya amfanar mai shirin kai hari.

Mai gabatar da ƙara ba sai ya nuna kana nufin kowa da sharri ba. Ya isa ya nuna takardar tana hannunka, ka san da zamanta, ka kuma san irin abin da ke cikinta. Daga nan kai ne za ka fara kawo uzurin da hankali zai ɗauka, shi kuma ya yi ƙoƙarin rushe shi.

A 2009 kotun ƙoli ta ƙasar ta ɗan rage faɗin ragar. Ta ce bayanin da ake nufi shi ne mai koyar da aiki a aikace, kamar haɗa abin fashewa, ba farfaganda zalla ba, ba kuma abin da kowa ke amfani da shi kullum irin jadawalin jirgin ƙasa ba. Amma ta tabbatar da cewa ba a buƙatar niyyar ta'addanci kafin a sami mutum da laifi.

Bayan jerin hare-haren 2017 a Landan da Manchesta, majalisa ta ƙara wa dokar ƙarfi a 2019. Yanzu ba sai ka sauke takarda ka ajiye ba. Buɗe ta a intanet ka duba, ko kallon bidiyon da ke ɗauke da irin wannan bayani, ya wadatar. Daftarin farko ya ce sai an duba sau uku, kafin a gama muhawara aka mayar da shi sau ɗaya. Hukunci mafi tsanani ya tashi daga ɗaurin shekara 10 zuwa 15.

An keɓe wa ɗan jarida da mai binciken ilimi kariya, haka ma wanda bai san abin da zai tarar a shafin ba. Duk da haka kwamitin majalisa mai kula da haƙƙin ɗan Adam ya yi gargaɗin cewa dokar na iya rutsawa da mutanen da son sani kawai ya ja su. Limamin unguwa da ke son ya san abin da ke ruɗar matasan masallacinsa ba ɗan jarida ba ne, ba kuma malamin jami'a ba. Haka uwar da ta ɗauki wayar ɗanta tana bin shafukan da yake shiga ɗaya bayan ɗaya. Su sai dai su yi fatan alƙali ya gamsu da uzurinsu.

Hujjar masu goyon baya

Bai kamata a yi wa masu wannan doka rashin adalci ba. Hujjarsu tana da nauyi, kuma mu mutanen Arewa ba sai an yi mana dogon bayani a kan bam ba. Wanda ya ga tashar Nyanya a watan Afrilun 2014, ko Babban Masallacin Juma'a na Kano a watan Nuwamban shekarar, inda sama da mutum 100 suka rasu, ba zai ɗauki takardar koyar da haɗa bam a matsayin wasan yara ba.

Jami'an tsaro suna cewa salon ta'addanci ya canja. Da sai mutum ya shiga ƙungiya, ya je sansani, ya yi waya, ya karɓi kuɗi, kuma kowane mataki yana barin sawu. Yanzu yaro ɗaya a ɗakinsa yana iya koyon komai da kansa. Reshen Alƙa'ida na Yaman ya fara fitar da mujallar Turanci mai suna Inspire a 2010 domin irin waɗannan mutane, kuma daga cikinta ne 'yan'uwan nan biyu suka koyi haɗa bam ɗin tukunya da suka tayar a gasar gudun fanfalaki ta Boston a 2013, wanda ya kashe mutum uku ya raunata sama da 200.

Irin wannan mutum, in ji su, sawunsa ɗaya ne tak: abin da ya karanta. In aka ce sai an jira ya sayi kayan haɗi ko ya zaɓi wurin kai hari, ana iya makara. Rigakafi ya fi magani.

Akwai kuma wurin da ni kaina ba na jayayya. Hotunan lalata da ƙananan yara ba a samar da su sai an zalunci yaro, kuma kowane mai ajiye su yana ƙara wa kasuwar ƙarfi. Kotun Ƙolin Amurka ta amince da hukunta mallakarsu a 1990 bisa wannan dalili, kuma ta yi daidai. A nan cutar tana cikin abin kansa, ba sai an jira a ga me mai shi zai yi ba.

Rubutu ba haka yake ba. Shafi guda ɗaya ne ɗan ta'adda da ɗan sanda da ɗalibi da marubucin labari suke karantawa, kowa da abin da ya kai shi. Abin da ya raba su yana cikin zuciya, kuma shi ne ainihin abin da Sashe na 58 ya ce ba sai an bincika ba.

Littafi ɗaya, hukunci biyu

Akwai wani littafi da wani matashi Ba'amurke, William Powell, ya wallafa a 1971, mai suna The Anarchist Cookbook. Yana ɗauke da bayanan haɗa abubuwan fashewa, kuma shi marubucin ya yi nadama daga baya, ya shafe shekaru yana roƙon a daina buga shi. Littafin ya daɗe a kasuwa, kwafinsa kuma ya cika intanet. Biyu daga cikin shari'o'in da aka yi a kansa a Ingila sun isa su nuna inda gizo ke saƙar.

Joshua Walker ɗalibi ne a Jami'ar Aberystwyth. Ya buga littafin a takarda don wani wasan kwaikwayon rikici da ƙungiyarsu ta ɗalibai ta shirya, ya jefa shi a aljihun gado ya manta. Daga baya ya tafi Siriya ya taimaka wa Kurdawa masu yaƙar ƙungiyar IS. Da ya dawo aka binciki ɗakinsa, aka ga takardun, aka gurfanar da shi. A watan Oktoban 2017 masu taya alƙali yanke hukunci a Birmingham suka wanke shi.

Ben John kuwa matashi ne ɗan shekara 21 da ya tara dubban takardu na masu aƙidar fifita farar fata. Shi ma a kan wannan littafin aka same shi da laifi a 2021. Alƙali ya yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka, ya kuma umarce shi da ya koma karanta manyan marubutan Ingila irin su Shakespeare da Dickens. Jama'a suka yi ca, a watan Janairun 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta tura shi gidan yari na shekara biyu.

Ina ganin an gane mutanen biyu daidai. Walker ba abin tsoro ba ne, John kuwa akwai dalilin sa masa ido. Amma a lura da abin da ya faru: ba takardar aka auna ba, mutumin aka auna. Ashe niyyar da doka ta kora ta ƙofa, ta taga take dawowa. Bambancin shi ne yanzu ba a tilasta wa mai gabatar da ƙara ya tabbatar da ita ba. Ya rage ga ɗan sanda da lauyan gwamnati su zaɓi wanda za su gurfanar daga cikin dubban masu riƙe da kwafi iri ɗaya.

In zaɓi ya koma hannun mutum, suna da kama da addini sukan shigo ciki. Shin da sunan ɗalibin Nottingham ba Rizwaan ba ne, sunan abokinsa ba Hicham ba, da an kira 'yan sanda? Malamai da ɗaliban jami'ar da suka yi zanga-zanga a lokacin, har suka riƙa karanta sassan kundin a bainar jama'a, wannan tambayar suke yi.

Kafin su akwai Samina Malik, wata matashiya mai aiki a kantin littattafai na filin jirgin saman Heathrow. Ta rubuta waƙoƙi munana masu yabon kisa, aka same ta da laifi a 2007 a kan takardun da ke cikin kwamfutarta. A 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, domin an cakuɗa takardun da doka ta hana da waɗanda farfaganda ce kawai, har ba a san a kan wanne aka kama ta ba.

Illar ba ta tsaya ga wanda aka ɗaure ba. Sabir bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, amma ya bayyana a littafin da ya wallafa a 2022 yadda tsoro da jin ana bibiyarsa suka taɓa lafiyar ƙwaƙwalwarsa tsawon shekaru. Ya daure ya gama digirinsa, ya zama malamin nazarin laifuka a wata jami'a a Liverpool. Ɗaliban da suka ga abin da ya same shi suka canja batun bincike a shiru, su babu mai lissafinsu.

Inda kotu ta ce a'a

Faransa ta gwada tata. Bayan hare-haren Paris na 2015, majalisa ta yi doka a watan Yunin 2016 mai hukunta yawan ziyartar shafukan 'yan ta'adda da ɗaurin shekara biyu da tarar yuro dubu 30. A watan Fabrairun 2017 Majalisar Tsarin Mulki ta ƙasar ta soke ta. 'Yan majalisa suka yi mata kwaskwarima suka dawo da ita cikin 'yan makonni. A watan Disamban shekarar aka sake soke ta. Dalilin alƙalan shi ne hukumomi suna da isassun hanyoyin sa ido da kama mai shirin kai hari, don haka babu larurar ɗaure mutum a kan dubawa kawai.

A Amurka an daɗe da shata wannan iyaka. 'Yan sanda a jihar Georgia sun shiga gidan wani mutum, Robert Stanley, suna neman shaidar caca, suka ɓuge da samun finafinan batsa a aljihun tebur. A 1969 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yi masa. Mai shari'a Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a kotun, shi ya rubuta hukuncin, wanda ma'anarsa ita ce ba hurumin gwamnati ba ne ta zaɓa wa mutumin da ke zaune a gidansa abin da zai karanta ko ya kalla. Mutum zai iya ƙyamar abin da Stanley ya ajiye, ni ma ina ƙyamarsa, amma ya fahimci abin da alƙalin yake karewa.

Arba'una Hadisi a jerin haramtattu

Rasha ta kama wata hanyar, kuma a can ne mai karatun Hausa zai ga abin ya zo kusa da shi. Tun 2007 Ma'aikatar Shari'ar ƙasar take riƙe da jerin rubuce-rubucen da kotuna suka ayyana a matsayin na tsattsauran ra'ayi. Ƙaramar kotu a kowane lungu tana iya ƙara abu a ciki, kuma hukuncinta ya hau kan ƙasar baki ɗaya. Jerin ya haura abu dubu 5.

A 2012 wata kotu a Orenburg ta haramta littattafan Musulunci sama da 60 a zama ɗaya. A cikinsu akwai fassarorin Arba'una Hadisi da Riyadus Salihin na Imam Nawawi, da Hisnul Muslim, da wasu rubuce-rubucen Imam Gazali. Littattafai ne da yaranmu ke haddacewa a Islamiyya, waɗanda da wuya ka shiga zauren malami ka rasa su. Sai a 2015 aka cire mafi yawansu bayan ɗaukaka ƙara.

A 2013 wata kotun a Novorossiysk ta haramta fassarar Alƙur'ani ta Elmir Kuliev, ɗaya daga cikin waɗanda Musulmin Rasha suka fi karantawa. Bayan watanni kaɗan kotun sama ta warware hukuncin, a 2015 kuma aka yi dokar da ta hana taɓa Alƙur'ani da Baibul da littattafai masu tsarki na Yahudawa da mabiya Buda. Wannan bai hana wata kotu haramta fassarar Baibul ta Shaidun Jehobah a 2017 ba.

Duk tsawon shekarun nan, abin da doka ke hukuntawa shi ne rarraba irin waɗannan littattafai ko ajiye su don rarrabawa. Limamai da masu kantin littattafai ne suka fi shan tara. Daga 1 ga Satumban 2025 aka matso kan mai karatu: neman abin da ke cikin jerin a intanet da gangan ya zama laifi, tararsa rubul dubu 3 zuwa dubu 5. Kuɗin ba su da yawa. Amma wa ya haddace jerin abu dubu 5? Kuma ta yaya za a san abin da ka nema in ba ana leƙa wayarka ba?

Mai raddi sai ya karanta

Ba yau aka fara taɓa Gazali ba. A farkon ƙarni na 12, zamanin sarkin Murabiɗai Aliyu bin Yusuf, an ƙona littafinsa Ihya'u Ulumiddin a Kurɗuba, aka kuma yi barazanar hukunci mai tsanani ga duk wanda aka samu da kwafi. Fuƙaha'u ne suka ba da fatawar, kuma sun yi imani addini suke karewa. Daular Murabiɗai ta shuɗe. Ihya kuwa har gobe ana jan baƙinsa a zaurukan Kano da Sakkwato da Damagaram.

Shi kansa Gazalin, kafin ya rubuta raddinsa ga masana falsafa, sai da ya zauna ya karance littattafansu, har ya rubuta littafi guda yana bayyana ra'ayoyinsu yadda suke. Al'adar malamanmu ke nan. Ba a yi wa littafi raddi daga jin ƙishin-ƙishin.

Mun ga amfanin wannan a zamaninmu. Lokacin da Muhammad Yusuf yake yaɗa da'awarsa a Maiduguri, waɗanda suka fara tunkararsa da hujja malamai ne da suka saurari kasa-kasansa suka bibiyi littattafan da yake dogaro da su. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a masallacinsa na Ɗorayi a 2007, da Sheikh Auwal Albani Zariya, wanda aka kashe a 2014, suna cikinsu. Allah ya jiƙan su. Da a ce sauraren wa'azin Yusuf ko ajiye littafinsa laifi ne irin na jerin Rasha, da su ne za a fara samu da kayan laifi a ɗakunan karatunsu. Shi kuwa yaron da aka riga aka ruɗa, a ɓoye zai ci gaba da karatunsa, ba tare da ya ji mai ba shi amsa ba. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Gadon Turawan mulki

Kada mu ɗauka irin wannan doka ta tsaya a ƙetare. Turawan mulkin mallaka sun kafa dokar hana tunzura jama'a a kan gwamnati a Kudancin Najeriya tun 1909, suka kuma shuka irinta a sauran ƙasashen da suka mallaka. A ƙasar da ake kira Gana a yau, an gurfanar da I.T.A. Wallace-Johnson a 1936 a kan wata maƙala da ta fito a jaridar da Nnamdi Azikiwe ke shugabanta a Ankara, kuma cikin tuhumar har da mallakar rubutun.

Bayan 'yancin kai sababbin shugabanni suka ga makamin yana da daɗin riƙo. A Kenya an ɗaure masanin tarihi Maina wa Kinyatti shekara shida a 1982 bisa tuhumar mallakar takardar tunzura jama'a, kuma a 1986 an tura mutane da dama gidan yari a kan ƙasidun ƙungiyar Mwakenya. Can nesa a Koriya ta Kudu, gwamnatin soja ta kama mutum 22 'yan wata ƙungiyar karatu a Busan a 1981, aka azabtar da su, aka kafa hujja da littattafan tarihi da zamantakewa da suke karantawa. Ɗaya daga cikin lauyoyinsu, Roh Moo-hyun, ya zama shugaban ƙasa a 2003. Sai a 2014 kotu ta wanke waɗanda suka nemi a sake shari'arsu, bayan shekara 33.

A Najeriya, Sashe na 51 na kundin laifuka na Kudu ya haramta mallakar rubutun tunzura jama'a ba tare da uzuri ba, kundin Arewa ma yana da makamancin wannan tanadi. A 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Inugu ta soke ɗaurin da aka yi wa Arthur Nwankwo a kan littafin da ya rubuta yana sukar Gwamna Jim Nwobodo, ta ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki, kuma ba ta dace da mutanen da suka sami 'yanci ba. Tsarin mulkin 1999 a Sashe na 39 bai tsaya ga 'yancin faɗin ra'ayi ba, ya ambaci 'yancin karɓar ra'ayi da bayani. Haƙƙin mai karatu ke nan a rubuce.

Gana ta goge tata dokar a 2001. Ingila, wadda ta kawo mana ita, ta soke tata a 2009. Tamu tana nan kwance a cikin kundi ba a share ta ba.

A Kano ba a kai ga ɗaure mai karatu ba, amma an taɓa abin da ke hannunsa. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta jagoranci ƙona littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata. Damuwar iyaye da malamai a kan tarbiyya gaskiya ce, kuma wasu littattafan ba su dace da yara ba. Sai dai duk wadda ta yi makarantar kwana a shekarun nan ta san yadda ake cusa littafi a ƙarƙashin katifa, ta kuma san 'yan mata nawa ne suka iya karatun Hausa da kyau ta dalilinsa. Uwa tana da ikon karɓe littafi daga hannun 'yarta, malami ma haka a cikin ajinsa. Ikon gwamnati daban ne, domin ita tana da ɗan sanda da gidan yari.

Waya a aljihu

A zamanin takarda, mutum ya san abin da ke kan kantarsa. Littafi ba ya shigowa ɗaki da ƙafarsa. Yanzu kuwa yana shigowa. Kana barci wani ya tura bidiyo a zauren WhatsApp na dangi ko na tsofaffin ɗalibai, wayarka ta sauke shi da kanta. Da safe ka buɗe don ka ga mene ne, ka yi salati ka rufe, amma yana nan a ciki. Bidiyon 'yan bindiga suna nuna makamai, da jawaban Shekau a shekarun baya, ta haka suka shiga wayoyin mutanen da ba su taɓa neman su ba. Matafiya a hanyoyin Borno da Yobe sun san dalilin da ya sa ake share waya kafin a isa shingen bincike.

Dubban 'ya'yanmu suna karatu a Birtaniya, wasu a Rasha, kuma wasunsu a kan rikicin yankin Tafkin Chadi da Sahel suke rubuta kundin digiri, domin shi ne abin da ya dame su. Dole su karanta abin da ƙungiyoyin nan suke fitarwa. Kariyar da doka ta ba mai binciken ilimi tana aiki ne a gaban alƙali. Ba ta hana a kama mutum tukuna, a kwashe kwamfutarsa, jarida ta buga sunansa. Shi ya sa jami'o'i da dama a can suke sa ɗalibi ya yi rajistar irin wannan bincike tun kafin ya fara, ya kuma ajiye takardun a rumbun jami'a, ba a na'urarsa ba.

A filayen jiragen sama da tashoshin ruwa na Birtaniya, dokar nan ta 2000 ta ba jami'i ikon tsayar da matafiyi har tsawon awa shida, ba tare da ya nuna dalilin zargi ba. Yana iya karɓar wayarsa ya kwafe abin da ke ciki, ya kuma nemi lambar sirrin buɗe ta. Ƙin bayarwa laifi ne mai zaman kansa. A 2017 wata kotu a Landan ta sami Muhammad Rabbani, jami'in wata ƙungiyar kare haƙƙin waɗanda ake tsarewa, da wannan laifin, bayan ya ƙi buɗe wayarsa da kwamfutarsa a Heathrow. Ya ce a cikinsu akwai sirrin wani mutum da ya ba shi amanar labarin azabtarwar da aka yi masa.